Yarima Karim Aga Khan: tseren zamiyar ƙanƙara na 1964 da gidan da ya fito

Tambaya: Da aka sanar da rasuwar Aga Khan a Fabrairun 2025, na ji an ce ya taɓa wakiltar Iran a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a gasar Olamfik. Da gaske ya iya wasan, ko sarauta da dukiya ne suka sama masa gurbi? Kuma wane irin gida ne nasu, har jika ya gaji kaka alhali uba na raye?

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne. Yarima Karim al-Husaini, Aga Khan na huɗu, ya shiga gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Innsbruck, ƙasar Ostiriya, daga 29 ga Janairu zuwa 9 ga Fabrairu 1964, da tutar Iran. Shekarunsa 27 a lokacin, kuma ya riga ya yi shekara shida da rabi yana imamin Isma'iliyya Nizariyya, wani reshe na Shi'a. Ya zo na 59 a tseren gangara, na 53 a babban silalom. Asali da dukiya ne suka kai shi bakin wurin tashi, wannan babu ja. Amma saukowar shi ya yi ta da ƙafafunsa, kuma dutsen da aka yi tseren a kansa ba ya barin wanda bai iya ba ya kai ƙasa lafiya.

Wasan shi ne gangarowa daga kan dutse a kan dogayen alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa, da sanda a kowane hannu. Ba a sakin 'yan wasa tare. Kowa shi kaɗai yake sauka, agogo ne alƙali. A 1964 fanni uku ne kawai. Gangara ita ce ta gudu zalla: doguwar hanya, kwana kaɗan, tsalle-tsalle, kuma sau ɗaya tak ake sauka. Silalom kuwa gajeren gangare ne da aka jera wa sanduna kusa da kusa, ɗan wasa na ratsa su yana karkata hagu da dama kusan kowane sakan. Babban silalom na tsakaninsu, ƙofofinsa na da tazara, kwanoninsa na da faɗi. Dokar ƙofa ɗaya ce a duka: kan allunan biyu da ƙafafun biyu sai sun bi ta tsakanin sandunan. Idan sanda ta faɗa tsakanin ƙafafun mutum, ko ya tsallake ƙofa guda, an soke saukar baki ɗaya ko da ya fi kowa sauri.

An yi tseren gangara ranar 30 ga Janairu a dutsen Patscherkofel da ke kudu da garin. Tsawon hanyar mita 3,120 ne, kuma wurin tashi ya ɗara wurin tsayawa da mita 867 a tsayi. Egon Zimmermann na Ostiriya ne ya ci, a minti 2 da sakan 18.16. Idan ka raba, matsakaicin gudunsa kilomita 81 ne a awa, har da kwana da wuraren da ƙasa ta ɗan kwanta, ka ga a miƙaƙƙun gangare ya wuce haka nesa. Léo Lacroix na Faransa ya zo na biyu, Wolfgang Bartels na Jamus na uku. Sama da mutum tamanin suka tashi. Aga Khan ya iso bayan Zimmermann da fiye da sakan ashirin, wanda a wannan gudun tazara ce ta sama da mita 400. A wajen gwanaye wannan rata ce babba, domin su da ƙasa da sakan guda suke raba zinariya da azurfa.

Hanyar ma ba ta yi daɗi ba a shekarar. Dusar ƙanƙara ta ƙi sauka a Innsbruck, sai da sojojin Ostiriya suka yi ta jigilar ta daga wasu tsaunuka, kimanin mita kubik 40,000, suna shimfiɗawa suna tattakewa. Irin wannan shimfiɗa takan daskare ta yi tauri, kuma gefenta ƙasa ce da itatuwa, babu tulin dusa mai laushi da zai tare wanda ya kauce. Kwana biyar kafin tseren, Ross Milne, ɗan Ostireliya mai shekara 19, ya kauce daga hanyar a lokacin gwaji, ya bugi itace, ya mutu. A kan wannan hanya Aga Khan ya sauka, ya kuma kai ƙarshe.

Ina sakan ashirin ɗin nan suke tafiya? Wurare huɗu ne, kuma duk mai koyar da wasan ya san su.

Na farko lambar tashi. Gwanaye ake saki tun farko, hanya na sumul. Wanda lambarsa ta kai hamsin ko sittin yakan tarar an riga an sassaƙe kowace kwana, ta yi kwari da tudu kamar hanyar burji da manyan motoci suka bi bayan ruwa. Allo na shiga kwarin ya yi ta karkarwa, gefensa ya daina kama ƙanƙara, dole mutum ya ɗan miƙe ya rage gudu. Ɗan ƙasar da ba ta da suna a wasan kullum a baya yake tashi, saboda haka tun kafin ya motsa an ci shi da 'yan sakanni.

Na biyu tsugunno. A gudun da ya haura kilomita 80, iska ce babbar abokiyar gaba, ta fi gogar allo da dusa. Jean Vuarnet na Faransa ya ci zinariyar gangara a 1960 da tsugunnon da ake kira na ƙwai: gwiwa a lanƙwashe, ƙirji kusa da cinya, hannuwa a gaban fuska, sanduna a matse ƙarƙashin hammata, alluna a ware daidai faɗin ƙugu kuma a kwance shafal. Kowa ya iya yin sa a tsaye a ɗaki. Riƙe shi minti biyu a kan hanya mai girgiza shi ne aikin, domin cinya takan ɗauki zafi tun kafin rabin hanya. Duk lokacin da mutum ya ɗago ƙirji ko ya ware hannu don kada ya faɗi, iska ta kama shi, kuma saurin da ya zube a saman shimfiɗaɗɗen wuri ba ya dawowa sai an kai gangare na gaba.

Na uku layin kwana. Gwani yakan fara karkata tun daga sama da ƙofa, ya gama kwanar daidai inda sandar take, allonsa na yanka dusa da kaifinsa. Wanda bai kai shi ba yakan makara, ya iso ƙofa bai juya ba, sai ya murɗa allunan a gicciye su yi ta shara. Ƙurar dusar da ake gani tana tashi a bayan ɗan wasa alamar birki ce. Makara a ƙofa ɗaya kuma tana jawo makara a ta gaba, har ta kai mutum ya kasa shiga ƙofa.

Na huɗu gyaran allo. Ana narka kaki a ƙasan allo da dutsen guga, a bari ya huce, a kankare, a goge da buroshi. Kaki mai tauri na dusa mai tsananin sanyi ne, mai laushi na wadda ta fara jiƙa. Idan aka shafa na sanyi rana ta fito, allo yakan manne a shimfiɗaɗɗen wuri. Gefen allo kuma ƙarfe ne da ake wasawa da magagari. A yau masu tsere kan sassabe gefen da digiri 2 zuwa 3, ƙasan da rabin digiri zuwa ɗaya. In kaifin ya yi kaɗan allo ya sulɓe a kan ƙanƙara, in ya yi yawa ya kama ba shiri ya wurgar da mutum. Ƙungiyoyin Ostiriya da Faransa suna da goyon bayan kamfanonin da ke ƙera allunan a ƙasashensu. Kuɗi na iya sayen allo mai kyau, amma sanin dusar wani dutse a wata safiya sai wanda ya daɗe a kai.

Kayan wancan zamani ma sun ƙara wahalar. Takalmin fata ne, bai wuce idon sawu da yawa ba, kuma yana saki idan ya jiƙe. Takalmin roba mai tauri sai ƙarshen shekarun 1960 ya mamaye tsere. Allunan gangara sun haura mita biyu, kusan miƙaƙƙu ne ba su da ƙugu irin na yau, saboda haka juya su sai da ƙarfi. Maɗaurin da ke haɗa takalmi da allo an yi shi ne ya saki idan mutum ya faɗi, amma masu tsere kan ɗaure shi tamau, domin allo ya fice ana tsakar gudu ya fi kowace faɗuwa muni. Sakamakon shi ne karayar ƙashin ƙwauri ta murɗe: allo ya kafe, jiki ya juya, ƙashi ya tsage a karkace. Da dogon takalmin roba ya zo wannan karaya ta ragu, murɗar ta haura sama, shi ya sa a yau tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ce ciwon 'yan wasan. Sandunan ƙofa na gora ne, ba sa lanƙwasa, dole a kewaye su. Hular kwano kuwa daga 1960 aka wajabta ta a gangarar Olamfik, bayan mutuwar John Semmelink na Kanada a tsere a 1959. Babu ragar tsaro irin ta yanzu a gefen hanya.

To ina asali ya yi aiki? A wuri uku. Makaranta ce ta farko. Karim ya yi shekara tara a Le Rosey a Suwizalan, makarantar 'ya'yan sarakuna da attajirai wadda kowace shekara take kwashe ɗalibanta daga Rolle zuwa garin Gstaad cikin tsaunuka daga Janairu zuwa Maris, ana karatu ana zamiya. Yaron da ya tashi haka ya samu abin da babba ba ya saya, wato sabon ƙafa da dusa tun ƙuruciya. Sarkin Iran Muhammad Riza Pahlavi ma a can ya yi karatu a shekarun 1930.

Sai dokar Olamfik ta lokacin, wadda ta hana duk mai cin abinci da wasa shiga gasa. A 1936, da aka fara saka wasan a Olamfik a Garmisch-Partenkirchen, an hana masu koyar da zamiya shiga, abin da ya sa mazan Ostiriya da Suwizalan suka ƙaurace. A 1972 Avery Brundage, shugaban kwamitin Olamfik na duniya, ya sa aka kori Karl Schranz na Ostiriya daga gasar Sapporo saboda talla. Irin wannan doka mai gado take yi wa daɗi, don shi ba ya bukatar a biya shi. Tun asali ma masu hali na Ingila ne suka tsara tseren: Arnold Lunn ne ya kafa silalom na farko irin na zamani a Mürren a 1922. Amma kafin 1964 'ya'yan ƙauyukan tsaunuka sun ƙwace wasan. Toni Sailer, wanda ya kwashe zinariya uku a 1956, ɗan Kitzbühel ne mai sana'ar kwano da gilashi. Zimmermann kansa ɗan ƙauyen Lech ne da ya koyi aikin kuku. Su ne a gaba, 'ya'yan sarauta na can tsakiya ko baya.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, tuta. Kowace ƙasa mutum huɗu take sakawa a fanni guda. Wanda ya zo na biyar a Ostiriya zai zauna a gida ko da ya fi rabin waɗanda suka tashi. Karim ɗan ƙasar Birtaniya ne a takarda, amma gidansu daga Farisa ya fito, kuma Sarkin Iran ya ba shi laƙabin girma na gidan sarauta a 1959. Iran na da tsaunukan Alborz a arewa da Tehran, ta fara zuwa Olamfik ta hunturu a 1956, amma 'yan wasanta kaɗan ne. Samun gurbi a can ya fi sauƙi nesa. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Yarima Hubertus na gidan Hohenlohe, wanda aka haifa a birnin Meziko a 1959 ya kuma tashi a Turai, shi ya kafa hukumar wasan ta Meziko a 1981, ya je Olamfik sau shida daga 1984 zuwa 2014, na ƙarshe yana da shekara 55. A yau an ɗan matse ƙofar: ana tara maki a gasannin hukumar wasan ta duniya, ƙarancin maki shi ne ƙwarewa, kuma a gasar Beijin ta 2022 sai mai maki 160 ko ƙasa yake shiga silalom, gangara kuwa 80. Gangarar aka fi tsanantawa, don ita ke kisa.

Hukuncina shi ne: mutum ne da ya iya wasan sosai a ma'aunin masu yi don sha'awa, ya yi nesa da sahun gaba, kuma bai kunyata tutar da ya ɗauka ba.

Yanzu gidan. Isma'iliyya reshe ne na Shi'a, amma ba su ne masu imamai goma sha biyu da aka fi sani a Zariya da Kano ba. Rabuwar ta faru ne bayan Imam Ja'afar Sadiƙ, wanda ya rasu a 765: wasu suka bi ɗansa Musa al-Kazim, wasu suka ce imamanci na zuriyar ɗansa Isma'il. Daga wannan zuriya Fatimiyyawa suka fito, waɗanda suka kafa Alƙahira a 969 suka gina masallacin Azhar. A 1094 aka sake rabuwa kan 'ya'yan halifa al-Mustansir, masu bin Nizar su ne Nizariyya. A aƙidarsu imami rayayye ne a kowane zamani, daga tsatson Sayyidina Ali da Nana Faɗima, kuma Karim shi ne na 49. Ana ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 12 da 15, a Pakistan, Indiya, Tajikistan, Afganistan, Siriya, gabashin Afirka, Kanada da Birtaniya. Imaminsu ba shi da ƙasa ko soja.

Laƙabin Aga Khan sabo ne idan aka gwada da wannan dogon tarihi. Sarkin Farisa Fath Ali Shah na gidan Ƙajar ne ya ba imami na 46, Hasan Ali Shah, a farkon ƙarni na 19, ya kuma aurar masa da 'yarsa. Ta wannan aure jinin sarauta ya shigo, shi ya sa ake ce wa 'ya'yan gidan yarima da gimbiya. Daga baya Hasan Ali Shah ya saɓa da sarkin da ke kan gado, ya bar Farisa a farkon shekarun 1840, ya zauna a Bombai. A 1866 babbar kotun Bombai ta yanke cewa al'ummar Khoja, wasu Musulmin Indiya, mabiyansa ne kuma dukiyar jama'a na ƙarƙashin ikonsa. Wannan hukunci ne ginshiƙin ƙarfin gidan a zamanin Ingilishi. Ya rasu a 1881, ɗansa ya yi shekara huɗu kacal, sai jikansa Sultan Muhammad Shah, Aga Khan na uku, ya hau a 1885 yana ɗan shekara bakwai ya kuma yi shekara 72. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar Musulmin Indiya, ya shugabanci babban taron Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani a 1937, kuma shi ne mabiyansa suka auna da zinariya a 1936, da lu'ulu'u a 1946, aka zuba kuɗin a makarantu da asusun jama'a.

'Ya'yansa maza biyu ne suka girma. Babban, Ali Khan, shi ne mahaifin Karim. Ya auri Joan Yarde-Buller, 'yar wani basaraken Ingila, Baron Churston na uku, suka haifi Karim a Jeniba ranar 13 ga Disamba 1936, sai ƙanensa Amin a 1937. Yaran a Nairobi suka yi shekarun yaƙin duniya na biyu. Ali Khan ya shahara da dawakai da motocin tsere da mata, ya auri tauraruwar fim ta Amurka Rita Hayworth a 1949, suka haifi Yasmin. Ƙaramin, Sadruddin, shi ne ya shugabanci hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1966 zuwa 1977.

Yadda jika ya tsallake uba da baffa ba saɓa ƙa'ida ba ne a wurinsu. Imamanci ba ya bin girman shekaru, nassi yake bi: imami mai ci shi kaɗai yake ayyana magajinsa cikin zuriyarsa maza, ɗa ne ko jika. Ba majalisar masu zaɓen sarki, ba shawarar dangi. Aga Khan na uku ya rasu ranar 11 ga Yuli 1957, aka buɗe wasiyyarsa aka tarar ya ambaci Karim, ɗalibin jami'ar Harvard mai shekara 20. Dalilin da ya rubuta shi ne duniya ta sauya da zuwan ilimin nukiliya, gara matashin da ya tashi cikin sabon zamani ya riƙe al'umma. Mutane da yawa sun ɗauka rayuwar Ali Khan ce ta hana shi, amma wasiyyar ba ta faɗi haka ba. Ali Khan bai yi jayayya ba. Ya zama wakilin Pakistan a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1958, ya rasu a haɗarin mota kusa da Faris ranar 12 ga Mayu 1960. Karim ya yi bukukuwan hawa a Darussalam, Nairobi, Kampala, Karaci da Bombai, sannan ya koma Harvard ya gama digirinsa a tarihin Musulunci a 1959.

Ka duba abin da ke wuyansa kafin ya je Innsbruck: imamanci tun 1957, jaridar Nation da ya kafa a Kenya wadda ta fara fita a 1960, gidajen kiwon dawakan mahaifinsa a Faransa da Ailan da suka faɗo masa a shekarar, da aikin gina wurin shaƙatawa na Costa Smeralda a tsibirin Sardiniya daga 1962. Abokan tserensa ba su da wani aiki a hunturu sai dusa.

Aure biyu ya yi. A 1969 ya auri Sarah Croker Poole 'yar Ingila, wadda ta ɗauki sunan Salima. Suka haifi Zahra a 1970, Rahim a 1971, Husaini a 1974, suka rabu a 1995. A 1998 ya auri Gabriele 'yar Jamus, wadda ta zama Inara, suka haifi Ali Muhammad a 2000. Shari'ar rabuwarsu ta ɗauki shekaru a kotunan Faransa, sai 2014 aka gama. Zahra ce babba, kuma ta daɗe tana riƙe da harkokin lafiya da ilimi da dawakan gidan, amma nassi ba ya faɗa wa mace. Da Karim ya rasu a Lisbon ranar 4 ga Fabrairu 2025 yana da shekara 88, washegari aka sanar da cewa wasiyyarsa ta ambaci Rahim, wanda ya zama imami na 50 kuma Aga Khan na biyar. An binne Karim a Aswan ta Masar, inda kakansa yake kwance. Lisbon kuwa ta shigo ne saboda yarjejeniyar 2015 da gwamnatin Fotugal, wadda ta sa mazaunin imamanci ya koma can.

Batun dukiya sai a bi a hankali, domin aljihu uku ne mutane ke cuɗawa. Akwai gadonsa da kasuwancinsa na kansa. Akwai abin da mabiya ke bayarwa, wanda a al'adar Khoja yakan kai kashi ɗaya cikin takwas na abin da mutum ya samu, kuma imami ne ke da ikon sarrafa shi. Akwai kuma cibiyoyin raya ƙasa masu rajista, waɗanda ke karɓar tallafi daga gwamnatoci. Shi ya sa ƙiyasin 'yan jarida ya tashi daga dala miliyan 800 har biliyan 13: kowa da abin da ya ƙirga. Masu sukarsa a nan suke tsayawa, suna cewa ba a buga lissafin aljihu na biyu, kuma jiragen ruwa da dawakai ba su yi kama da rayuwar shugaban addini ba. Shi kuwa matsayinsa shi ne Musulunci bai raba addini da duniya ba.

Dawakan su ne wasan da ya yi fice a ciki da gaske. Ya ci tseren Derby na Ingila sau biyar, daidai da kakansa. Mafi shahara shi ne Shergar, wanda ya ci a 1981 da tazarar tsawon doki goma. An raba mallakarsa kashi arba'in, kowane a kan fam 250,000, Aga Khan ya riƙe shida. Ranar 8 ga Fabrairu 1983 wasu 'yan bindiga suka sace dokin daga gidan kiwo na Ballymany a Ailan, suka nemi fam miliyan 2. Kuskurensu shi ne sun zaci na mutum ɗaya ne. Masu kashi sun haura talatin, kuma sun san in aka biya sau ɗaya babu dokin tsada da zai ƙara kwana lafiya. Ba a biya ba, ba a kuma sake ganin dokin ba.

Cibiyoyin da ya bari sun haɗa da Gidauniyar Aga Khan ta 1967, Jami'ar Aga Khan da ke Karaci ta 1983, Jami'ar Asiya ta Tsakiya ta 2000, lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a kan wani tsohon juji na Alƙahira, da madatsar ruwan Bujagali a Yuganda. Lokacin da Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya a 1972, abotarsa da Firayim Minista Pierre Trudeau ta taimaka Kanada ta karɓi dubban Isma'iliyya.

Inda aikinsa ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye shi ne ta lambar yabon gine-gine da ya kafa a 1977, wadda ake bayarwa duk shekara uku. A 1986 masallacin Juma'a na ƙauyen Yama, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, yana cikin waɗanda suka ci. Wani maginin garin, Falke Barmu, shi ya fara shi a 1962 da tubalin ƙasa, jama'a na kawo ruwa da laka da itace. A 1975 ya sake rufin, ya ɗora shi a kan bakan gizo da tulluwa a tsakiya, daga 1978 zuwa 1982 kuma ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta daban.